Muryar Adamu a Bidiyon 'Yan Ajinsu

Ana idar da sallar asuba muka bar Kano, ni da abokin aikina, da jaka ɗaya mai ɗauke da kwamfuta da 'yar lasifika da tarin caja. Wani abokina ne da ke koyarwa a wata sakandare a Potiskum ya gayyace mu. Ya ce 'yan ajin ƙarshe sun rubuta waƙa, har sun ɗauki sautinta, saura hoto, kuma babu wanda zai nuna musu yadda ake haɗawa. Ni kuwa sana'ata ke nan, tace bidiyon biki da na talla. Babbar kyamararmu a gida muka bar ta, domin malamin ya ce a irin wannan lokaci tambaya za ta jawo mana a shingen sojoji, wadda ba mu da amsarta.

Kuɗin mota ya kusa ninka yadda na san shi. Da na yi ƙorafi, direba ya ce ai har da kuɗin tsoro a ciki. Daga Wudil zuwa Azare tafiya ta yi daɗi, gero ya nuna a gonaki, ana ta girbi. A Azare muka tsaya muka ci masa mai zafi da kunun gyaɗa. Daga nan ne shingaye suka fara yawa. A kowanne sai fasinja su sauka, su ɗaga hannu sama, su taka a ƙasa har su wuce buhunan yashi, sannan mota ta biyo su. Akwai wata tsohuwa a motarmu mai riƙe da kaza, duk inda aka ce a ɗaga hannu sai ta ɗaga har da kazar. Ko sojojin ba su iya riƙe dariya ba.

Mun shiga Potiskum bayan azahar. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne gari ne da ke ta harkarsa. Tireloli jere a bakin titi, masu shanu suna ciniki, masu shayi suna ta firfita wuta. Babur ne kawai ba ka gani, an hana shi, sai keke napep ko'ina. Malamin ya sauke mu a gidansa a unguwar Dogo Nini, matarsa ta kawo mana burabusko da miyar kuka, muka ci har abokin tafiyata ya fara maganar neman aiki a garin.

Da la'asar muka haɗu da ɗaliban a aji. Jagorarsu wata yarinya ce mai suna Rifkatu, 'yar wani ma'aikacin asibiti, mai magana da sauri kamar ana korar ta. A wayarta ta nuna mini shirinsu: sun bi duk wuraren da suke so su ɗauka sun yi musu hoto, sun jera hotunan daidai da baitocin waƙar, kowane hoto da bayanin wanda zai tsaya a wurin. Waƙar da Hausa take, amma akwai baiti guda da yaren Ngizim, wani da na Karekare. Tana magana ne a kan 'yan aji ɗaya da za su rabu, kowa ya kama hanyarsa.

Matsalar ita ce rabin wuraren a kasuwa suke da tashar mota. Malamin ya ce sam. Taron yara da waya a sama a tsakiyar kasuwa, ko jami'an tsaro ba su kama su ba, mutane za su firgita. Yaran suka shiga neman mafita. Sai ɗaya daga cikinsu ya ce kakansa yana da gona a ƙauyen Danchuwa, kuma ba a gama girbi ba.

Washegari da sassafe muka cika keke napep uku muka nufi Danchuwa. A nan na ga dabara. Sun ɗaure waya a kan gora da robar tayar keke, suka mayar da farantin tangaran abin haska fuska, ga lasifikata a kan dami tana rera waƙar suna bi da baki. Inda ake son hoto ya yi tafiya, sai mai ɗauka ya zauna a amalanken shanu a ja shi a hankali. Ni aikina kawai in ce a juya wa rana baya, ko a sake. An sake wani baiti har ban san adadi ba, saboda wani ɗan akuya da ya ƙudurta sai ya fito a fim. Matan da ke sussuka suka bar aiki suna kallo, daga baya suka aiko mana da fura da nono. Kafin la'asar muka tattara, domin kowa yana so ya kai gida tun dokar hana fita ba ta kama shi a hanya ba.

Ranar Lahadi, bayan su Rifkatu sun taso daga coci, muka zauna tacewa a shagon wani mai cajin waya, shi ne mai janareta a layin. Na nuna musu yadda ake yanka hoto a kan bugun kiɗa, na miƙa musu kwamfutar. Muna tsakiyar aiki Rifkatu ta turo wani ɗan guntun bidiyo daga wayarta. Hoton yana rawa, ba shi da haske. Wani yaro ne siriri a aji, yana buga tebur da tafin hannu yana rera amshin waƙar nan, yana dariya.

Malamin ya gaya mini a hankali cewa sunansa Adamu, shi ya ƙirƙiro amshin. Wani hari da aka kai cikin gari bara ya rutsa da shi, an aike shi sayen magani.

Nan aji ya rabu biyu. Wasu suka ce dole a sa shi, waƙarsa ce. Wasu suka ce bai dace a sa mamaci a cikin kiɗa ba, kuma iyayensa za su ji zafi. Har wata ta fara kuka. Malamin ya ce wannan ba hukuncinsu ba ne, a je a tambayi mahaifinsa.

Muka tafi gidansu Adamu a unguwar Yerimaram, ni da malamin da Rifkatu. Mun sami dattijon a zaure yana gyaran buhuna. Bayan gaisuwa malamin ya yi masa bayani, na buɗe kwamfutar na kunna masa wurin yadda muka gwada haɗa shi, hoton Adamu da kiɗan a kai. Ya kalla har ƙarshe. Ya ce a sake. Aka sake.

"'Yata," ya ce wa Rifkatu, "a wayarki wannan yake tun bara?"

"E, Baba. Na ji tsoron kawo muku ne."

"Mu ko hotonsa mai motsi ba mu da shi." Ya juyo gare ni. "Malam, wannan kiɗan da ke kansa, ana iya ɗage shi? Bakinsa nake gani yana motsi, amma ba shi nake ji ba."

Na ja layin kiɗan ƙasa, na ɗaga sautin ajin. Muryar yaron ta fito, da bugun teburin, da hayaniyar 'yan aji a bayansa. Dattijon ya sa gefen rawaninsa ya rufe fuska. Can ya tashi ya leƙa cikin gida ya kira mahaifiyar yaron, mu kuma muka fita waje muka bar musu kwamfutar.

Da muka dawo ciki ya ce a sa shi, amma a bar shi haka, da muryarsa. Haka aka yi. A bidiyon, idan an zo amshi na ƙarshe kiɗa yana ɗaukewa gaba ɗaya, Adamu ya rera shi kaɗai, sannan sauran su karɓa daga cikin gonar gero. Rifkatu ce ta yanka wurin da hannunta. Kafin mu bar unguwar na tura wa wani ƙanin Adamu guntun a wayarsa.

Litinin da safe muka kamo hanyar Kano, muka sake bin shingayen nan ɗaya bayan ɗaya, muka iso gida ana kiran magariba. Na daɗe ina wannan sana'a, kuma kullum abin da nake koya wa yara shi ne yadda za su ɓoye hoto mara kyau. A bidiyon nan kuwa, hoton da ya fi kowanne duhu da rawa shi ne wanda ya fi taɓa zuciyar duk wanda ya kalla. Ku da kuke ɗaukar 'yan'uwanku a waya kuna gogewa don wuri ya cika, ku riƙa dubawa kafin ku goge. Allah ya ji ƙan Adamu, ya zaunar da Potiskum lafiya.