Alƙiblar Garin Gwangwani

Abin da na fara gani gwangwanin tumatir ne mai tagogi. An ɗora shi a kan katangar gidan Kawu yana shan rana, an fente shi baƙi ƙirin, an yanka masa ƙananan tagogi a jere kamar na bene. Na je kai saƙon mahaifiyata ne, amma na tsaya riƙe da kwano ina leƙa tagogin, ina jiran wani ya leƙo ni daga ciki.

A lokacin na bar lekol, wato makarantar boko, ba ni da aiki sai taya Inna girki da karatun littattafan soyayya da fatake ke kawo mana daga Kano a cikin dilar atamfa. Sun koya mini cewa bayan kowace taga akwai budurwa mai tagumi. Shi ya sa ban iya wuce gwangwanin nan ba.

"Ke baiwata, kar ki taɓa, bai bushe ba."

Ɗan Kawu ne, taubashina, wanda ke gyaran fanka da firji a kusa da babbar kasuwar Rood Woko. Na ce, "Ranka ya daɗe sarkin bola, yaushe ka fara yi wa ɓeraye gidan haya?"

Ya ɗauki gwangwanin ya shiga ɗakinsa na soro, ni kuwa na bi shi.

Tsohon ƙyaure ne aka ɗora a kan duro biyu, a kansa kuma gari guda. Akwai hasumiyoyi na gwangwanin madara, da gadoji na haƙarƙarin fanka, da tankuna na matattun batura, da bututai masu shiga ƙasa su ɓullo a wani wuri. Duwatsun garin na farin soson da ake naɗe rediyo ne, ya ɓarɓare shi da farce. Ya ce garin ba a duniyarmu yake ba, yana kan wata duniya mai nisa, bayan shekaru masu yawa da za su zo. Wani Nasara da ya yi wa gyaran firji ne ya nuna masa wasan, da zai koma ƙasarsu ya bar masa ƙwayoyin ludo da ƙananan sojoji na dalma. Garin kuwa shi ya gina abinsa. Ran Lahadi abokansa kan zo, su jera sojojin a lunguna, su jefa ƙwaya, su auna tafiyar kowa da awon tela.

Wasan bai dame ni ba. Fentin ne ya ɗaure mini kai. Mu a unguwar Zango idan an sayi fenti, don abu ya koma sabo ne, kamar ƙofar gida a gabanin Sallah. Shi kuwa sai ya gama abu tsaf, sannan ya zauna ya tsufar da shi. Zai shafe shi da baƙi. Idan ya bushe sai ya tauna asuwaki, ya tsoma a fenti mai ruwan toka, ya goge a tsumma har ya kusa ƙarewa, sannan ya riƙa shafar gefuna sama-sama. Kana kallo gwangwani zai zama ƙarfe mai nauyi wanda ya sha duka. Tsatsa kuwa daga ƙusoshi yake samu, waɗanda ya jiƙa a ruwan tsami, ya ɗiga ta ƙarƙashin tagogi kamar sawun hawaye. Na koma ina kawo masa baƙin tukunya da ragowar shuni da jar ƙasa da na tankaɗe da rariyar Inna a ɓoye.

"To ina gidan budurwar?" na tambaye shi wata rana.

"Wace budurwa?"

"Gari ba ya rasa budurwa. Wa sojojin nan suke yi wa faɗa?"

"Ruwa suke wa faɗa. Ga tankin nan."

"Allah ya sawwaƙe. Shi ya sa har yau ba ka yi aure ba."

Duk da haka ya bar mini taga ɗaya a can sama, na liƙa mata jar takardar alewa.

Ana nan sai wani daga cikin masu sallah a zauren Kawu ya kai masa labari cewa ɗansa ya tara gumaka a soro. Kawu tsohon bafataken goro ne, shi ke jan sallah a zauren, kuma ba mutum ne mai maimaita magana ba. Ya aiko cewa gidan da ke da gumaka mala'iku ba sa shiga, saboda haka kafin Juma'a a fitar da komai a farfasa. Taubashina ya daina wasa da ni. Na same shi zaune gaban garin, asuwaki a hannu, bai shafa komai ba. Ya ce ƙyauren ba zai fita ta ƙofar soro ba sai an karkata shi, idan aka karkata kuwa rabin garin zai zube.

Ran Alhamis bayan la'asar Kawu ya shigo da kansa, da sandarsa. Ina ciki, ban sami hanyar fita ba, sai na durƙusa na gaishe shi na maƙale a bango.

Ya ɗauki soja ɗaya ya kai kusa da idonsa. Ya juya shi. Hular kwano ce ta rufe kan gaba ɗaya.

"Ina fuskarsa?"

"Ba shi da ita, Baba. Can ba iskar shaƙa, ba a cire hular."

Kawu ya ajiye shi. Ya bi tituna da bakin sanda, a hankali, har ya tsaya a tankin ruwa.

"Mutane ne ke zaune a nan?"

"Jikokin jikokinmu, Baba."

"Jikokina? To ina masallacinsu?"

Ni dai na ji kunya ta kama ni, don na nemi gidan budurwa, ban nemi wannan ba.

"Ka kai zuriyata wata duniya, ka ba su tanki, ka ba su bindiga, ka hana su wurin sallah. Madalla da kai." Ya ja kujera ya zauna. "Kawo wancan kwalin. Ke ɗiyata, miƙo masa wuƙa."

A gabansa aka yanka bango huɗu, aka kifa rabin ƙwallon roba ya zama ƙubba, aka tsayar da bututun biro ya zama hasumiya. Da aka zo wurin ajiyewa, taubashina ya juya shi gabas, ya ɗauko gam. Kawu ya riƙe masa hannu.

"Gabas ɗin wa? Namu ne wannan. Su ina Makka take daga wurinsu?"

"A sama, Baba. Duniyarmu tauraro ce a wurinsu. Kuma tana tafiya."

Kawu ya daɗe yana kallon rufin kwano. Har aka kira magariba bai motsa ba, sai da ladan ya leƙo. Da zai fita ya ce, "Kar ka liƙe shi tukuna. Zan tambaya."

Juma'a ta zo ta wuce ba wanda ya ta da maganar fashewa. Daga baya da wanda ya kai ƙarar ya tuna masa, Kawu ya ce, "Kai za ka ɗaga hannu ka rushe garin da ke da masallaci?" Sojojin dai ya ce su riƙa kwana a cikin gwangwani a rumfar babura, kuma a tsayar da yaƙi idan an kira sallah.

Tambayar kuwa ya yi ta, ya kuma yi. Duk malamin da ya sauka a gidan, daga Yamai ko Kumasi ko Sakkwato, sai an shigar da shi soro bayan cin abinci. Wani ya ce su bi tauraron duk inda ya yi, wani ya ce su fuskanci inda zuciyarsu ta natsu, wani ya ce ɓata lokaci ne, amma shi ma sai da ya sa yatsa ya ɗan juya masallacin kafin ya fita.

Da aka rushe unguwarmu aka mai da mu bayan gari, Kawu ya sa aka fasa bakin ƙofar soron don ƙyauren ya fita a kwance, aka ɗora shi a amalanke, ya biyo baya da ƙafa duk da tsufansa. A sabon gidan idonsa ya mutu. Ya rage fita, amma yakan sa a zaunar da shi gaban garin, ya lalubi ƙubbar, ya juya masallacin kaɗan. Har ya rasu bai ba da izinin a liƙe shi ba.