Baba Cif na Tsohon Zalɓe

Ina kan rufin wani gida a unguwar Zahir ta Makka ina fama da injin tura ruwa, bayan azahar ɗin Talata, kiran Faisal ɗan Baba Cif ya shigo. Hausar ta ƙi fitowa a bakinsa, da Larabci ya gaya mini mahaifinsa ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Alhaji Ɗanjuma, wanda duk unguwar Tandabawi ta sani da Baba Cif, ya amsa kiran Ubangijinsa.

Haɗuwarmu ta farko ba ta yi daɗi ba, amma har gobe in na tuna sai na yi dariya. Kwangilar da ta kawo ni Makka ta ƙare, iƙamata, wato takardar izinin zama, na gab da mutuwa, in ban sami sabon kafili, ubangidan da zai tsaya mini, ba sai gida. Wani ya tsegunta mini cewa shugaban masu gyaran injina a wani kamfani tsohon sojan ruwa ne, kuma a jirgin yaƙin da ake kira Zalɓe ya yi aiki. Na ce shi ke nan na tsira, domin ni ma shekara shida na yi a Zalɓe.

Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo shayi da dabino, sannan ya shiga tambaya. Matakala nawa ce zuwa ɗakin injin? Na ce sha huɗu, ya ce tara. Ina madafa take? Na ce tsakiya, ya ce baya. Sai ya janye farantin dabinon daga gabana.

"Yaro, ji tsoron Allah," in ji shi. "Ƙarya a garin Makka saboda shugul, neman aiki kawai? Ko a hoto ba ka taɓa ganin Zalɓe ba."

Hoton kuwa na buɗe masa a waya. Ga sunan nan a jikin jirgin, amma jirgin ba nasa ba ne. Nan na gane Baba Cif bai san an daɗe da yi wa jirginsa ritaya, an yanyanka shi an sayar da ƙarafan ba. Sabon jirgi aka ba sunan, kamar yadda sojan ruwa kan yi don kada suna ya ɓace. Ni na kai masa saƙon mutuwa ban sani ba. Ya share ido da bakin hannun riga.

"Ashe takwara aka yi masa," ya ce. "To, Allah ya raya."

Ya maido mini da dabino, washegari kuma da ƙafarsa ya kai ni wurin kafili ya tsaya mini.

Tun daga ranar bai taɓa kama sunan sabon jirgin ba. Ya ce wanda aka sa wa sunan babba ba a kiransa gatsal, don haka Mai Sunan Manya yake ce masa, ni kuma ɗan ƙaramin jirgi. A wurin aiki yakan dafa sukundireba a jikin injin ya kara kunnensa, ya ce mu saurara kafin mu kwance. "Injin ba ya ƙarya, mai gyara ne ke yi," haka yake yawan faɗa. Famfunan tsofaffin matan unguwar Ka'akiyya da ya gyara a ranakun hutunsa, Allah kaɗai ya san yawansu. Wata Asabar ɗin yakan ja ni Jidda mu zauna bakin teku, duk jirgin da ya gifta sai ya kushe fentinsa.

Ba zan ɓoye ba, sunan nan yana ci mini rai. A wurinmu sojan ruwa, mutum ya ce maka ɗan jirginmu daidai yake da ya ce maka ɗan'uwa, ni kuwa ba ni da kowa a garin nan sai shi. Shekara goma sha ɗaya ina jiran kalmar. Ranar da na yi ƙarfin halin yi masa ƙorafi, dariya ya yi har da riƙe ciki, wai mutanen da suka kwana ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki ba su san teku ba.

A wurin wankan gawa Faisal ya ja ni gefe.

"Ya Ammi Idi, Abuya ya bar wasiyya, kai za ka yi masa wanka. Na ce masa akwai dangi, ya ce la, halas, magana ta ƙare, a bar wa ɗan jirginmu."

Na sa ya maimaita, ya maimaita. Na naɗe hannun riga na shiga, ina kuka ina murmushi, domin tsohon nan sai da ya tabbatar ba zan iya yi masa gori ba sannan ya faɗa.

Ya Allah, ka gafarta wa bawanka Ɗanjuma, ka yalwata kabarinsa, ka karɓi sallar da aka yi masa a Harami. Ka ba matarsa Hajiya Maryam da Faisal da ƙannensa haƙurin rashinsa, ka zama gatansu. Mu kuma in tamu ta zo, ka sa mu cika da imani, ka haɗa mu da shi a Aljanna Firdausi. Amin.