Hotonka yana nan cikin awaki

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan ina bakin murhu, kunu bai ko tafasa ba, aka kira ni daga Tasawa aka ce Issufu ya rasu. Na ce wane Issufu, ai suna da yawa. Aka ce naki, na meri. Zazzaɓi ne ya kwantar da shi, aka kai shi likita, bayan sallar asuba rai ya yi halinsa.

Har yanzu ban sauke tukunyar ba.

Ku da ba ku san shi ba, jikan yayata ne. Ni na yi mashi wankan farko. Tun yana cikin tsumma nake ce mashi mijina, da ya iya magana ya ce ya sake ni saboda ba ni da haƙora. Haka muka yi ta yi har ya yi gemu.

Aikinsa ajiyar takardu a merin garinmu, wato ofishin magajin gari. Ɗaki ne ɗan ƙarami, da kanta uku jikin bango. Ta sama haihuwa, ta tsakiya aure, ta ƙasa mutuwa. Kowace kanta ya raba ta gari gari, kowane gari shekara shekara, kowace shekara da kwalinta. Ya tarar da su a cakuɗe, ya zauna ya tsince su kamar mai tsintar wake. In ka taɓa kwali ka maida shi ba wurinsa ba, ranar ba ka shan shayinsa.

Shekarar da jikata Ladi za ta yi jarrabawa, lakwal, wato makarantarsu, ta ce sai an kawo takardar haihuwa. Ta gida gara ta cinye. In ba a samu ba, yarinya ba ta zama ɗakin jarrabawa, wahalar shekaru ta tashi banza. Na ɗauki sandata na tafi wurin mijina.

Ya ce, "Wace shekara aka haife ta?"

Na ce shekarar da rijiyar bakin kasuwa ta rufta.

Ya ce, "Kaka, ba ni da kwalin rijiya."

Ya tambayi ajin da take, ya yi lissafinsa, ya sauko da kwali biyu. Ya ce sunanta. Na ce Ladi.

"Duk wadda aka haifa ran Lahadi Ladi ce. Sunan da liman ya raɗa mata nake so."

To nan fa aka tsaya. Sunan uwata ne aka sa ma yarinyar, shi ya sa muke sakaya shi. Bakina bai taɓa faɗarsa ba, ba kuma cikin biron hukuma zan fara ba. Na ja gyale na dubi ƙasa.

Bai matsa mani ba. Ya buɗe kwalin ya ce, "Zan karanta sunayen ƴan mata ɗaya ɗaya. In na zo wurin, ki yi tari."

Ya yi ta karantawa. Da ya zo wurin na yi tari har da hawaye, ya ce, "Ya isa, tsohuwa, kada ki mutu mani nan, kantar ƙasa ban share ta ba." Ya ɗauki fensir ya rubuta Ladi a bayan dosiyen da takardarta take ciki. Daga ranar, duk wanda ya zo yakan tambaye shi sunan gida ya rubuta gefe, don irinmu masu nauyin baki.

Ladi ta yi jarrabawarta. Yanzu ungozoma take koyo a Mayahi.

Ni kau na samu abin tsokana. Duk sanda na shiga ɗakin nan sai in buga kantar tsakiya da sanda in ce, takardarka ta daɗe a sama, yaushe za ta sauko nan? Sai ya ce takarda ba ta saukowa, sabuwa ake yi. Ya ce sama da ƙasa kowa yana da wuri ko bai so ba, tsakiya ce sai mutum ya nema. Na ce to nemi mana, ragon banza.

Wayar nan da nake rubutu da ita ma shi ya shirya mani ita. Ya raba hotuna gida gida: jikoki, biki, wa'azi, awaki. Yana juya baya na ɗauki hotonsa na jefa cikin awaki, tsakanin bunsuruna da jar akuya. Na ce nan ne wurin masu taurin kai.

Haɗuwarmu ta ƙarshe ranar kasuwar Kanan Bakashe ce. Ya tsaya da moto ƙofar gida, na dama mashi fura. Yana sha yana murmushi shi kaɗai. Na ce faɗi, na ga bakinka yana ƙaiƙayi.

Ya ce, "An sa rana. Ƴar garin Hawandawaki ce. Bayan kaka."

Na ce bayan wace kakar, ni ko ta gero? Wato sai na mutu za ka yi aure?

Ya yi dariya har fura ta sarƙe shi. Ya ce ta gero, ke ai ke za ki yi guɗa. Sai ya miƙo hannu: "Kawo wayar in fita daga cikin awaki." Na ɓoye ta bayan zane. Na ce ranar ɗaurin aure ni da hannuna zan maida ka gidan biki, kafin nan ka ci dusa.

Da zai tafi na ce mashi, takardata ta ƙasa kai za ka rubuta, kuma kada ka haɗa ni kwali guda da maƙwabciyata, ba mu shiri. Ya ce, "Garinku ɗaya, Kaka. Sai dai ku raba shekara."

Ya tada moto ya tafi. Ke nan.

Ga gero tsaye cikin gona ba a yanke ba. Ga ni zaune. Ba kakar da ta wuce cikin biyun, shi ne ya wuce.

Gobe wani hannu zai rubuta mashi takarda a sa ta kantar ƙasa, garinmu, kwalin bana. Kwalin da shi ya rubuta ma shekara a goshi. Tsakiya ba za a taɓa samun sunansa ba. Ina tunanin yarinyar can ta Hawandawaki, wadda ko ganinta ban yi ba.

Na buɗe wayar ɗazu. Hotonka yana nan cikin awaki, Issufu, kana dariya. Ka koya mani yadda ake maida hoto, amma ba ka buɗe mani gidan da ake sa irin wannan ba. Na bar shi inda ka san yake.

Allah ya jiƙanka, mijina. Allah ya ba ka takardarka a hannun dama, ya sa ka cikin jerin waɗanda ya yarda da su. Allah ya ba uwarka da yarinyar nan haƙuri.

Duk wanda Issufu ya taɓa nemo ma takarda, da wanda bai san shi ba sai yau, don Allah ku yi mashi Ƙulhuwallahu, ku sa da sunansa na yanka, Yusufa.