Shayin da Aka Ba Manaja a Falon Tarsem

Tarsem Sandhu ya yi shekara ashirin da bakwai yana tuƙin tasi a garin Surrey, nan ƙasar Turawa, kuma taƙamarsa ɗaya ce a duniya: ba a taɓa cutarsa ko sisi ba. Shi ya sa da za a zaɓi shugaban kwamitin benenmu, mu masu ƙofa arba'in da biyu duk muka ɗaga masa hannu. Har ni. Ɗakina yana ƙarƙashin nasa, na san takunsa fiye da na 'ya'yana.

Abin da ya fara yi shi ne sauya kamfanin da ke kula mana da ginin, masu tara kuɗin wata, su kira mai gyaran famfo, su rubuta abin da aka yanke a taro. Na da yana karɓar dala ashirin da takwas a kan kowace ƙofa duk wata. Tarsem ya yi ta yawo har ya samo mai karɓar sha tara. Ya tare ni a matakala yana kaɗa takardu, ya kira ni Bibi, yadda muke kiran tsohuwa.

"Bibi, ragin dala tara-tara! Kin san nawa ke nan a shekara?"

Na ce, "Ban sani ba. Na dai san na yi shekara talatin ina tsinkar 'ya'yan itace a gonakin Abbotsford. Ɗan kwangilar da ya fi kowa daɗin baki shi ke cire kuɗin mota, da na safar hannu, har da na ruwan sha. Wannan mai arahar, me ya bari a waje?"

"Haba Bibi, ke da rubuta sunanki ma sai an riƙe miki hannu!"

"To kai mai ido, ka karanta har ƙarshe?"

Ya yi dariya ya haye. Shafin farko ya karanta, inda lambar take.

Manajar da kamfanin ya turo wata Baturiya ce, Colleen, mai haƙuri. A falon Tarsem ake taron. Mu kuwa taronmu ba ya ƙarewa. Gurdev Bains na hawa na uku sai ya yi awa guda a kan wanda ya tsaya masa a wurin ajiye mota. Surinder, matar Tarsem, ba ta yarda baƙo ya fita da ciki wayam: shayi, pakora mai kama da ƙosai, a sake shayi. Colleen ta miƙe, a ce wallahi sai ta zauna. Sai ta dubi agogo, ta rubuta wani abu a littafinta. Mun ɗauka kunya ce. Da Tarsem ya ga tana da kirki, sai ya riƙa kiran taro duk wata, wani watan ma sau biyu.

Shekara na zagayowa takarda ta zo: kamfani ya ɗauki ƙarin dala dubu bakwai da ɗari biyar, kuma kuɗin watan kowa zai hau. A kicin ɗin wurin ibadarmu, inda mata ke murza gurasarmu ta roti, maganar ta fara, wai Tarsem yana da kasonsa. Har sababbin tayoyin motarsa aka lissafa masa. Kwana uku ina jin takunsa a kaina, daga taga zuwa ƙofa. Na gane ya karanta sauran shafukan.

Ranar babban taro Gurdev ya miƙe ya dubi Tarsem.

"Bhaji, ɗan'uwana, tsakaninka da Allah, nawa suka ba ka?"

Surinder ta rufe fuska da mayafi. Na kasa haƙuri.

Na dubi Colleen na ce, "Ke yarinya, karanta mana takardar nan duka, a fassara mana. Ni ba na gani da ido, da kunne nake gani."

Ta karanta. Taro huɗu ne kawai a shekara cikin dala sha tarar, kowanne awa ɗaya da rabi. Abin da ya wuce haka dala ɗari da hamsin duk awa, daga shigarta har fitarta. Mun yi taro sha huɗu. Awa hamsin muka ɗora.

Na juya na ce, "Gurdev, cikin awa hamsin ɗin nan talatin bakinka ne. Sauran pakora ne, kuma kai ka fi kowa ci."

Aka tuntsire da dariya. Ba wanda ya ƙara kiran Tarsem ɓarawo. Sai dai dariyar ba ta tsaya a kan Gurdev ba, har Tarsem ta shafa.

A matakala Tarsem ya tsaya bai dube ni ba.

"Bibi, da kin bar su sun ce na ci. Ɓarawo ko ba komai ana cewa yana da wayo."

Washegari ya ajiye shugabancin. Kwangilar da sauran shekara guda, don haka yanzu a tsaye ake taro a bakin lif, babu kujera, babu shayi. Tarsem ba ya zuwa. Bencin ƙofar gida ma da yake zama yana ba mutane shawarar sayen mota, ya daina saukowa. Surinder tana gaishe ni, amma a taƙaice.

Takun nan dai ina jinsa har yau, daga taga zuwa ƙofa.