Ranar da Mai Unguwa Ya Kashe Rediyona

Shekarun baya, zamanin soja, lokacin da sabulu ma sai an bi layi, taki kuwa ya fi ƙarfin talaka, ni ne ɗan bokon unguwarmu a Saulawa. A aji biyar na tsaya, amma ina da biro a aljihu da rediyo a kafaɗa, don haka ku riƙa girmama ni.

Ina da aboki Bafulatani, rugarsu na bayan gari tun zamanin kakansa. Wata shekara, dawa ta fara fidda kai, shanunsa suka kuɓuce suka faɗa gonar wani dattijo maƙwabcinmu, Kirista ne, mutum mai sanyin hali. Da sassafe abokina ya ja ni na raka shi ya kai kansa. Ni kaɗai na ji abin da suka ce wa juna.

Bayan kwana biyu ɗan dattijon ya dawo daga Kaduna, an sallame shi daga aiki, ransa a jagule. Ya rantse sai an tashi rugar. Ya yi ta zuga uban har magana ta je gaban mai unguwa. In aka yanke haka, abokina zai kwashi iyalinsa ya bar inda aka binne cibiyarsa.

Aka kira ni shaida. Na gyara hula, na yi gyaran murya, na ce, "Ranka ya daɗe, ɓangarorin biyu sun gana, sun yi musayar ra'ayi, sai dai ba a cimma matsaya ba."

Mai unguwa ya ƙura mini ido. "Malam, wa ya kunna ka? Labaran ƙarfe bakwai muka zo ji? Me wannan ya ce, me wancan ya ce?"

Aka kwashe da dariya. Ni da nake jiran a ce kai, ilimi! Sai na sauko ƙasa na faɗa yadda na ji.

Na ce, "Shi wannan ya durƙusa ya ce, 'Baba, shanuna sun ci dawarka. Ba wanda ya gan su, amma nawa ne.'"

"Shi Baba fa?"

"Can ya ce, 'Rabin buhun takin nan sau uku na je Ikara a kansa.' Wannan ya ce, 'Na sani, Baba. Zan kwantar maka da shanun a gonar duk rani, su mayar maka da takin.' Sai Baba ya dube shi ya ce, 'Ka karya tukuna?'"

"Ya ce me?"

"Ya ce, 'Ka karya tukuna?' Ya leƙa gida ya ce a kawo koko."

Dattijon ya sunkuyar da kai, don ya ji muryarsa a bakina. Ɗan ya yunƙura zai yi magana, uban ya ɗaga masa hannu. "Zauna. Haka na ce. Wanda na ba koko ba zan kore shi ba."

Rugar tana nan har yau.

Tun ranar na gane abin da aji biyar bai koya mini ba. Da na ce dattijon mutumin kirki ne, abokina kuma mai gaskiya, ba wanda zai motsa. Sai da aka ji su da bakinsu. Shi ya sa in jikokina suka kawo mini labarin da suka rubuta, "sarki ya yi fushi, matarsa ta ba shi haƙuri," nakan ce, "Ni ban ji kowa ba. Bebaye ne? Ku buɗe musu baki."

Dattijon ya daɗe da rasuwa, rediyon ma ya mutu. Abokina yanzu da sanda yake zuwa wurina. Kafin ya zauna nakan tsuke fuska in ce, "Ka karya tukuna?" Yakan fara dariya, amma bai taɓa ƙarasa ta ba.