Ginshiƙin Delhi da Idon Baba

Mun bar Hindawiyya, unguwarmu a Jidda, bayan sallar asuba, ni da Baba, muka nufi filin jirgi. Baba mai walda ne, rabin ƙofofin layinmu aikinsa ne. Hasken walda ya daɗe da raunana masa idon hagu, bara kuma yanar ido ta rufe na dama, shago ya zauna a kulle. Aka ce mu gwada Indiya. Ni ce mai ɗan Turanci a gidan, sai aka damƙa mini fasfo da iƙama, takardar izinin zamanmu. Kafin mu sauka Delhi na duba su har gefensu ya yi laushi.

Delhi garin hon ne. Babura masu ƙafa uku suna kutsawa inda akuya ma za ta yi shawara. Shayinsu da madara da citta ake dafa shi, ga araha. Abincin asibiti kuwa, Baba ya ce wake ne kullum, suna kawai ake sauya masa.

An yi aikin, an cire bandeji. Duk wanda ya ce yaya ido, sai Baba ya ce alhamdulillah, kuma na san haka zai ce ko duhu yake gani. Na kasa tambayarsa. Na riƙa sauya wa kofinsa wuri ina satar kallo ko zai laluba. Na buɗe littafi, na rufe, na leƙa taga, na dawo.

Ana gobe za mu taho, na ba shi labarin wani ginshiƙin ƙarfe da na karanta: ya haura shekara dubu da ɗari biyar a rana da ruwan sama, bai yi tsatsa ba.

"Ba fenti?"

"Ba fenti, Baba."

"Ya binti, 'yata, littafi ma yana ƙarya. Yalla, mu je."

Ginshiƙin yana tsaye a farfajiyar wani tsohon masallaci, baƙi, dogo, an kewaye shi da shinge. Baba ba ya yarda da ƙarfe sai ya ƙwanƙwasa ya ji amonsa. Kafin in ankara ya miƙa sandarsa ta saman shingen. Mai gadi ya busa usur ya taho a guje, Turancina ya gudu ya bar ni da ban haƙuri da hannu.

"Halas, halas, shi ke nan," in ji Baba. Ya ba ni sandar, ya ɗaga baƙin gilashinsa, ya zagaya a hankali.

"Wannan ba zubi ba ne. Dunƙule-dunƙule suka haɗa da zafinsa. Ga sawun guduma can, ƙasa da rubutun."

Sai da na ranƙwafa kafin na ga ɗan lotsawar da yake nunawa. Na nemi dutse na zauna.

"Kukan me kuma?"

"Rana ce, Baba."

Mun sauka Jidda, laimar teku ta manne mana riga tun daga ƙofar jirgi. A mota na karanta masa cewa sirrin ginshiƙin yana cikin haɗin ƙarfen da busasshiyar iskar Delhi.

"A kawo shi nan ya yi bazara ɗaya tukuna," ya ce.

Abin da na koyo shi ne, Baba ba ya amsa tambaya a kan kansa, sai dai a ajiye masa ƙarfe a gaba. Washegari ya ce in miƙo masa mukullin shago.