Cuku Marar Zane

Yayana mai walda ne a Tanut, kuma innarmu ta daɗe ba ta yafe masa hakan ba. Mu gidan kiwo ne daga wajen Tenhiya. Lokacin da fari ya cinye mana yawancin garke, yaya ya sauko gari ya koyi haɗa ƙarfe, yana ƙera ƙofofi da amalanken jaki. Inna ta biyo mu daga baya da ragowar shanunta ta zauna a bakin gari, amma ƙafarta ba ta taɓa taka atiliyensa, wato shagon waldarsa, ba. In an tambaye ta aikin ɗanta sai ta ce, "Yana can yana ƙona ƙarfe," ta kau da kai. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa, to balle ta yaba masa. Abin yana cinsa. Ƙaton mutum mai gemu, amma in zai je gaishe ta sai ya yi ta dirzar hannu da toka da sabulu, wai kada ta ga baƙin aiki. Hannun bai taɓa fita ba. A gabanta kullum yana ɓoye shi a baya.

Inna cuku take yi. Takan daskarar da madarar safe, ta zuba a kan ƴar tabarmar da aka saƙa da tsinken afazo, ciyawar nan ta arewa, ta danna da tafin hannu har ya yi faɗi siriri, sannan ta shanya a kan rumfa. Da damina madara ta fi yawa, kuma da damina cuku ya fi wahalar bushewa. Ga ƙuda, ga iska mai ƙasa, ga hadari ya taso a kwashe a guje. Na sha ganin ta zubar da aikin yini guda don ya yi wari.

Wata shekara aka yi shela a rediyo cewa gwamnati za ta tallafa wa ƙananan masu sana'a da ke da sabuwar dabara, a haɗa su da malaman bincike su gwada ta. Yaya ya zo mini a guje, don ni ce malamar lakwal, mai ilimin boko a gidan, ni ke jin Faransanci. Wai akwati zai ƙera mai busar da cuku da zafin rana. Na rubuta masa dosiye, wato takardun neman tallafin, muna faɗa, domin ni ba ni da haƙuri, shi kuma in ya fara bayani sai ya faro daga ranar da aka haife shi. Na ce masa, "Yaya, gwamnati kake yi wa wannan, ko Inna?" Sai ya hau sosa ƙeya. Ban sake tambaya ba.

Ban zaci za a zaɓe shi ba, gaskiya. Aka zaɓe shi. Aka kawo masa gilashi da faifan sola da ƙaramar fanka, aka kuma turo wani malamin bincike daga Damagaram, mutum mai fara'a da son shayi, yana zuwa lokaci lokaci da abin awon zafi. Su biyun suka shaƙu. Ni ce mai yin cukun gwaji, da madarar maƙwabta, tunda Inna ta ce nonon shanunta ba na wasa ba ne. Akwatin farko ya gasa cukun ya koma kamar tafin takalmi. Na biyu ya jiƙa shi da gumi. Na yi musu dariya har da hawaye, malamin yana taya ni, yaya yana harararmu. Sai da suka canza mashigar iska, suka sa raga mai hana ƙuda, suka yi farantai da ƙarfe mai santsi marar tsatsa, sannan abin ya zauna. Cuku ya fito fari tas, busasshe, ba ƙwayar ƙasa ko ɗaya. Yaya ya ce in kasuwa ta karɓa, akwatin nan a kansa zai ɗauka ya kai wa Inna.

Ranar kasuwa na shimfiɗa kayana a layin masu nono ina ta fankama. Mace ta farko ta ɗauka ta juya, ta sake juyawa.

"Malama, wannan fa? Sabulu ne?"

"Cuku ne, baiwar Allah. Ɗanɗana ki ji."

"To ina zanensa?"

Duk cukun yankinmu na Damargu yana ɗauke da layi layi na tabarmar da aka danna shi a kai. Da layin ake gane shi, har akan gane hannun wadda ta yi. Mu da muka tashi da shi a baki, ko sau ɗaya bai faɗo mana a rai ba, muna can muna murnar santsin faranti. Wani dattijo mai rawani ya ce shi ba ya shan shayi da abin kanti. Na yi musu, na yi rantsuwa, na kusa zagin wata. Haka na naɗe kayana na koma da su.

Malamin ya dafe kai yana dariyar kansa, ya ce ai gwaji ke nan, za a gyara. Yaya bai yi dariya ba. Ya jawo buhu ya rufe akwatin, ya koma kan ƙofar wani da yake haɗawa. Tausayinsa ya kama ni, kuma ni tausayi da fushi yake fito mini. Na ɗauki cuku ɗaya na nufi bakin gari, na dire shi gaban Inna.

"Ga abin da ɗanki ya yi wata da watanni yana yi saboda ke. Ko kallo ba za ki yi ba?"

"Sassauta murya, ba a kasuwa kike ba," in ji ta.

Ta ɗauka ta karya, ta shinshina, ta daɗe tana taunawa. "Ya bushe har ciki," ta ce. Ta shafa bayansa da yatsa. "Amma kun bar shi tsirara." Daga nan ta tashi ta tafi wajen maruƙanta.

Washegari da hantsi ina atiliye sai ga ta tafe, ta ratso tsakanin tarkacen ƙarfe tana tattare zani, da tabarma naɗe a hammata. Na gane ta tun daga nesa. Ta kakarmu ce, wadda ta saƙa da hannunta, wadda Inna ba ta bari kowa ya taɓa. Yaya ya kashe wuta ya miƙe, ya kai hannuwa baya.

"Kai, ina abin naka?"

Ya yaye buhun. Ba ta kalli fanka ko gilashi ba. Ta zaro faranti ɗaya ta auna shi da kamu, ta auna tabarmar. Tabarmar ta fi shi faɗi.

"Miƙo almakashi."

"Inna, ta kaka ce fa."

"Na san ta wa ce. Miƙo."

Ya miƙa mata na yankan kwano, don shi ke gare shi. Tsinken yana zamewa, ta kasa yankawa ita kaɗai. Ta ɗago ta dube shi yana tsaye, hannuwa a ɓoye. Sai ta kai hannu bayansa ta jawo nasa, baƙi ƙirin da mai da tsatsa, ta ɗora a kan tabarmar uwarta ta danne da nata.

"Riƙe mini nan da kyau," ta ce, ta fara yanka.